Abin da Ya Ci Nokia Yana Nan a Ofisoshinmu

A shekarar 2005 kamfanin Nokia ya sanar da cewa ya sayar da waya ta cikon biliyan ɗaya, kuma a Najeriya aka saye ta. 'Yar ƙaramar 1100 ce, mai tocila a ka. Duk wanda ya ba shekara talatin baya ya san wayar da nake nufi. Da ita ake laluben ashana in an ɗauke wuta. Ita ce take suɓucewa daga aljihun ɗan acaɓa ta tarwatse a kan kwalta, murfi can, batir can, a tsince, a hure ƙura, a harhaɗa, a danna, sai ga hannayen nan biyu sun fito suna gaisawa kamar ba abin da ya faru. Caji ɗaya ya ishe ka kwanaki. An sayar da irinta fiye da miliyan 250 a duniya, yayarta 3310 da ta fito a 2000 kuma an sayar da miliyan 126. A ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da aka saya a doron ƙasa, huɗu na Nokia ne.

Shekara shida kacal bayan haka, a watan Satumbar 2013, kamfanin ya amince ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa a cinikin da ya kama Yuro biliyan 5.44. Shi ma mai sayen bai ci riba ba, domin a 2015 ya fito ya ce ya yi asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin.

Na daɗe ina bibiyar wannan labari, kuma bayanin da aka fi yi a majalisa bai taɓa gamsar da ni ba. Cewa ake yi Nokia barci ya yi, zamani ya zo ya wuce shi, bai san za a yi wayar shafa ba. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Kamfanin da ya fara da injin sarrafa takarda a ƙasar Finlan a 1865, ya yi takalman roba da tayoyi da wayoyin lantarki, sannan a zamanin shugabansa Jorma Ollila, daga 1992, ya ƙarasa watsar da waɗannan ya rungumi sadarwa, ba za a ce masa bai iya sauya sheƙa ba. Tun 1996 ya fitar da Communicator, wayar da ake buɗewa kamar littafi a aika wasiƙar intanet. A 2004 ya fitar da 7710 mai allon taɓawa, shekara uku kafin Steve Jobs ya ɗaga iPhone a gaban jama'a a Janairun 2007. A shekarar da iPhone ta fito, N95 ta Nokia ta fi ta ƙarfin kyamara nesa ba kusa ba, tana da taswirar tauraron ɗan'adam, tana hawa layin 3G da iPhone ta farko ba ta iya hawa. Kuɗin da Nokia ya zuba a bincike da ƙirƙira a waɗannan shekaru ya ninka na Apple. Masu basira suna nan birjik, kuɗi kuma ba a maganarsa.

Matsalar tana cikin manhajar da ke tafiyar da wayoyin, wadda ake kira Symbian. An gina ta ne don wayar maɓalli mai ƙaramin ƙarfi. Duk lokacin da za a fitar da sabon samfuri sai a yi mata kwaskwarima ta dace da shi, har ta rarrabu gida-gida, wannan bai dace da wancan ba. Mai son rubuta wata 'yar manhaja ta wasa ko ta hira sai ya sha wahalar gyara ta sau da yawa kafin ta yi aiki a wayoyin kamfani guda. Apple kuwa ya buɗe rumbun manhajojinsa a Yulin 2008, Google ya saki Android a wannan shekara ya ce duk mai ƙera waya ya zo ya ɗauka. Daga nan gasar ta tashi daga wa ya fi iya ƙera ƙarfe ta koma wa ya fi tara masu rubuta manhaja a inuwarsa.

Injiniyoyin Nokia sun san da wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin tambaya shi ne me ya hana sanin nasu isa kunnen masu yanke hukunci da wuri.

Wasu malaman jami'a biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira har 76 da manyan shugabanni da manajojin tsakiya da injiniyoyin kamfanin da wasu masana na waje, suka wallafa abin da suka gano a 2016. Kalma ɗaya ce ta yi ta maimaita kanta: tsoro. Na sama suna tsoron abokan hamayya da masu hannun jari, waɗanda kowane wata uku suke jiran a nuna musu riba. Wannan tsoro sai suka sauke shi a kan na ƙasa da su ta hanyar tsawa da gindaya wa'adin da ba zai yiwu ba. Su kuma manajojin tsakiya ba Apple suke tsoro ba, ogansu suke tsoro. Wanda ya miƙe ya ce aikin nan ba zai kammalu a wata shida ba, sai a ɗauke shi a matsayin rago ko mai karya gwiwa, a miƙa aikin ga wanda ya ce zai iya. Kowa ya ga abin da ya sami ɗan'uwansa, sai ya shafa wa gemunsa ruwa. Rahoto yakan taso daga ɗakin injiniyoyi da ɗacinsa, kowane mataki ya hau a ɗan zuba masa sukari, kafin ya isa teburin shugaba ya zama zuma. Da yawa daga cikin na saman kuma ba su da zurfin ilimin manhaja da za su gane cewa abin da ake lasa musu ba shi ne gaskiya ba. A kan wannan zumar suka riƙa tsara shekara mai zuwa.

Ban ɗauki mutanen nan a matsayin maƙaryata ba. Mutum ne mai iyali, mai bashin gida, ya kwashe shekara goma sha biyar yana hawa matakala, an kira shi taro ya ga yadda aka yi wa wanda ya riga shi magana kaca-kaca. Ba ƙarya zai yi ba. Zai dai zaɓi gaskiyar da ba ta da ƙaya ya faɗa, ya haɗiye sauran, ya ce a ransa wataƙila kafin wa'adi ya cika Allah zai kawo mafita. Mutum dubu su yi haka a lokaci guda, kamfani ya makance alhali kowa a cikinsa idonsa biyu.

Ra'ayina shi ne girma da kansa ne ke haifar da wannan cuta, kuma duk mai tafiyar da kamfanin fasaha babban aikinsa shi ne yaƙi da ita. Dubi tsohon ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Kujerarsa tana bakin shago. Mace ta ɗaga atamfa ta murza ta ajiye ta wuce, ya gani da idonsa. Dillali ya ce wannan zanen ya daina tafiya a Maraɗi, ya ji da kunnensa, kafin la'asar ya sauya odar da zai yi. Tsakaninsa da mai saye taku biyu ne. To ranar da Allah ya buɗa masa ya yi shago ashirin, ya koma bene ya sa na'urar sanyaya ɗaki, abin da zai sani game da kasuwa shi ne abin da yaransa suka ga dama suka hau da shi. A harkar atamfa ana iya ɗaukar shekaru kafin wannan nisa ya yi illa. A harkar fasaha, inda abin da ake yayi bana kan zama tsohon yayi baɗi, wata goma sha takwas na rashin jin gaskiya sun isa su rusa ginin shekara ɗari.

Mu nan mun ga wani ɓangare na labarin da idonmu. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, kira daga wannan layi zuwa wancan tsada gare shi, sabis kuma yau akwai gobe babu. Shi ya sa za ka ga Alhaji da waya biyu ko uku a aljihun gaba, wani ma ya ɗaure su da kyauro. Duk yaron da ke sayar da katin waya a ƙarƙashin lema ya san abin da mutane ke nema: waya ɗaya mai cin layi biyu. Nokia, mai kasuwar gaba ɗaya a hannunsa, sai a 2010 ya fara fitar da irinta. Manyan abokan cinikinsa a Turai kamfanonin layi ne, su kuwa ba sa son wayar da za ta ba kishiya masauki.

Wani ɗan ƙasar Sin mai suna George Zhu, wanda ya yi yawon tallan waya a ƙasashe da dama kafin ya kafa kamfaninsa a 2006, shi ya tsaya ya saurari mai lemar nan. Kamfanin nasa, Transsion, shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. Ya tattara hankalinsa kan Afirka, ya kawo waya mai layi biyu a farashin talaka, ya ƙara girman batir saboda ya san halin wutarmu. Ya sa injiniyoyinsa suka gyara kyamara don ta riƙa fitar da fuskar baƙar fata sosai, abin da manyan kamfanoni suka yi shekaru ba su kula da shi ba. Ya sa harsunan Amhara da Swahili da Hausa a wayoyinsa, ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ya kafa shagunan gyara na Carlcare. A 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ya fi ƙarfin injiniyoyin Finlan. Leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau ka ƙirga allunan da ke saman shaguna, za ka ga wanda ya ci gajiyar sauraro. Shi ma ɗin yanzu ya girma, ya hau bene, kuma jarrabawar da ta kayar da na gabansa tana jiransa.

Akwai mai cewa duk wannan ihu ne bayan hari, wai ko da an faɗa wa shugabannin Nokia gaskiya tun 2007 ba yadda za su yi da taron dangin Apple da Google. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. BlackBerry ya faɗi, Motorola ya faɗi, kowanne da irin tasa cutar. Amma Samsung ma a lokacin yana ƙera wayoyi da Symbian da wasu manhajojin, ya karanci iska da wuri ya kama Android, a 2012 ya karɓe kambun da Nokia ya riƙe tun 1998. Ashe hanya tana nan ga wanda labari ya isar masa a kan lokaci.

Akwai kuma misalin Intel. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Japan sun kwashe masa kasuwar ƙwaƙwalwar ajiya ta kwamfuta, sana'ar da aka kafa shi a kanta. A 1985 Andy Grove, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya tambayi takwaransa Gordon Moore abin da sabon shugaba zai yi in aka kore su su biyun, Moore ya ce zai bar sana'ar ne. Suka yanke shawarar su yi hakan da kansu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Grove ya bayyana daga baya: kafin su na sama su gama jayayya, manajojin tsakiya sun riga sun karkatar da yawancin aikin masana'antu zuwa ƙera ƙwaƙwalwar sarrafawa, domin su ke ganin abin da ke kawo kuɗi kullum. A Intel na tsakiya suna da sararin yin aiki da abin da suka gani. A Nokia sararin faɗarsa ma ya gagara.

Lokacin da gaskiya ta fito a Nokia, da ƙarfin tsiya ta fito. Stephen Elop, wanda aka ɗauko daga Microsoft a 2010 ya shugabanci kamfanin, ya rubuta wa ma'aikata takarda a Fabrairun 2011 yana kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai da ya kama da wuta a tsakiyar teku. Kwanaki kaɗan bayan haka ya sanar da cewa za a koma manhajar Windows. Sai dai wayar farko mai Windows ba ta iso kasuwa ba sai ƙarshen shekarar. Wata tara kenan ana roƙon mutane su sayi kayan da mai shi ya riga ya yi wa sallar gawa. Maganar da ya kamata a riƙa yi kaɗan-kaɗan a ɗakin taro tun shekara huɗu baya, ita ce ta taru ta fashe a bainar jama'a.

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon labari shi ne wani abu da na gani a nan gida. Wani ƙanen abokina ya kafa ɗan kamfani da ke yin manhajar da masu shaguna za su riƙa rubuta ciniki da bashi a waya maimakon littafi. Su biyar suka fara a ɗaki guda, tabarma ɗaya, janareta ɗaya. A lokacin in manhajar ta tsaya wa wani mai shago, shi da kansa yake hawa babur ya je. Allah ya sa albarka, masu zuba jari suka shigo, ma'aikata suka haura arba'in, aka kama ofis mai hawa biyu. Ya gayyace ni wani taronsu na ranar Litinin. Ya tsaya gaban allo yana bayanin sabon tsarin da za a ƙara, wanda zai riƙa zana wa mai shago jadawalin ribarsa da launuka. Ya juyo ya ce, "Akwai mai magana?" Shugaban injiniyoyi ya ce, "Ai Oga, wannan tunani ya yi." Sauran suka gyaɗa kai. Aka tashi.

A bakin matakala na tarar da yarinyar da ke amsa kiran abokan ciniki, da littafinta a hannu, duk shafukan sun cika da rubutun biro. Na tambaye ta me mutane suka fi kuka da shi. Ta ɗan duba bayanta tukuna. Ta ce, "Baba, wallahi ba jadawali suke nema ba. Cikin kasuwa sabis ba ya kamawa, in babu data manhajar ba ta buɗewa. Mutum yana tsaye da kuɗi a hannu ita tana juyawa. Da yawansu sun koma littafi." Na ce me ya hana ta faɗa a ciki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni wa? Gaban su Oga? Na dai gaya wa shugaban sashenmu tun watan jiya, ya ce zai duba."

Na fita daga ginin nan jikina a sanyaye. Yaron kirki ne mai kamfanin, ba ya tsawa, ba ya wulaƙanci. Amma mu tarbiyyarmu ta riga ta yi masa aikin da tsawa ta yi a Finlan. An raine mu a kan kada ƙarami ya katse babba, kada ya musa masa a gaban mutane, in zai yi gyara ma ya zagayo ta bayan gida. Ina ƙaunar wannan tarbiyya, ba na fatan ranar da 'ya'yanmu za su rasa ta. Sai dai wanda ya san haka jama'arsa suke, nauyi ya koma kansa. Tambayar "akwai mai magana?" a gaban mutum arba'in ba neman shawara ba ce, kowa ya san amsar da ake jira. Mai son ji da gaske shi zai sauko ya ja kujera kusa da mai littafin nan, su biyu, ya ce karanta mini abin da aka faɗa jiya. Ya ware rana a wata ya zauna a shagon wani abokin ciniki daga safe zuwa azahar ba tare da rakiyar manaja ba. A taro ya fara jin ta bakin mafi ƙanƙanta kafin shi ya buɗe nasa, domin da zarar Oga ya nuna inda ya karkata magana ta ƙare. Mafi muhimmanci, ranar da wani ya kawo masa labari marar daɗi, duk ofis na kallon fuskarsa. In ya ɗaure ta sau ɗaya, ya rufe wannan ƙofa ta shekara guda. In ya yi godiya, ya kuma ɗaga darajar mutumin a gaban kowa, gobe wani ma zai kawo.

Risto Siilasmaa, wanda ya zama shugaban hukumar daraktocin Nokia a 2012 lokacin da jirgin ke nitsewa, ya ba da labarin yadda ya yi shekaru a cikin hukumar ba a barin su tono ainihin abin da ke damun kamfanin. Da ya hau, abin da ya fara sauyawa shi ne yadda ake karɓar mummunan labari: a kawo shi da wuri, a yi maraba da mai kawo shi, shiru kuma a ɗauke shi a matsayin alamar haɗari. A ƙarƙashinsa aka sayar da sashen waya, aka saye kason Siemens a kamfanin kayan sadarwa da suke tarayya a 2013, aka haɗiye Alcatel-Lucent a 2016. Nokia yana nan da ransa, yana ƙera na'urorin da ke kan turakun sabis a ƙasashe da dama. Amma dubban ma'aikata a garuruwa irin su Salo da Oulu sun rasa abincinsu kafin a koyi darasin.

Yau matasanmu a Kano da Kaduna da Jos da Yamai suna ta kafa kamfanonin fasaha, Najeriya ma ta yi musu doka ta musamman a Oktoban 2022. Duk taron da na je, maganar jari ake yi da maganar yadda za a ninka ma'aikata da abokan ciniki. Ban cika jin ana tambayar mataki nawa ne yanzu tsakanin mai kamfani da mai amfani da kayansa ba, ko wane ne a cikin ginin zai iya ce masa "Oga, wannan ba zai yi ba" ya kuma kwana da aikinsa.

Daren ranar na kira ƙanen abokin nawa na gaya masa abin da na ji, ban ambaci sunan kowa ba. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Yaya, wata nawa ke nan ana wannan kukan?" Na ce ya tambayi littafin da ke hawan ƙasa. Washegari da safe, kamar yadda aka ba ni labari, bai hau sama ba. Ya ja kujerar roba ya zauna gefen teburin amsa kira, ya sa abin sauraro a kunne, ya karɓi kira goma sha ɗaya da kansa kafin azahar. Bakwai daga ciki maganar sabis ce. An jingine jadawali mai launuka, injiniyoyi suka koma gina manhajar da za ta yi aiki ko babu data. Wata huɗu aikin ya ci, kuma wasu daga cikin masu shagunan da suka koma littafi har yanzu ba su dawo ba.